Ɗalibin Larabci Da Nauyin Ingilishi: Darasi Daga Sudan

A shekarar 1990 gwamnatin Sudan ta mayar da Larabci harshen koyarwa a jami'o'inta, har da Jami'ar Khartum wadda ta gaji Ingilishi daga Kwalejin Gordon. Manufar kyakkyawa ce, amma littattafan likitanci da kimiyya sun ci gaba da fitowa da Ingilishi, sai nauyin fassara ya faɗa wuyan ɗalibi.

Na sha duba rubutun irin waɗannan ɗalibai, kuma na gamsu cewa kurakuransu ba na lalaci ba ne. Larabci yana da "al" ta ma'arifa, amma nakira ba ta da kalmar kanta, shi ya sa "a" ke kuɓuce musu. Mubtada'i da habari ba sa bukatar fi'ili, sai "is" ta ɓace. Sautin "p" kuwa kan koma "b", kamar yadda Bahaushe ke mayar da shi "f".

Kuskure mai tsari yana da magani: malamin da ya san nahawun harsunan biyu. 'Ya'yanmu da suka karanta a Khartum ko Azhar suna dawowa da wannan ƙalubale. Maimakon mu raina iliminsu, mu horar da irin wannan malami.