Ruwan sama ya dawo, amma da sabon hali

Manomi yakan auna damana da abin da ya shiga rumbunsa. Malaman yanayi kuwa ba su yanke magana sai sun tara lissafin shekara 30, domin damana guda ba ta nuna inda ƙasa ta dosa.

Iska biyu ke rabon shekara a Nijar. Ta hunturu tana fitowa daga hamada, busasshiya. Ta damana tana tasowa daga tekun Gine, ɗauke da danshi. Inda suka haɗu, nan hadari ke tashi. Mahaɗar nan tana hawa arewa har watan Agusta, sa'an nan ta koma kudu.

Daga 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960 an yi damanu masu albarka, har noma ya kutsa cikin ƙasar makiyaya. Daga 1968 fari ya sauka, ya tsananta a 1973, ya sake dawowa a 1984. A watan Yuni na 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Saboda wannan masifa ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974.

Ruwa ba ya tsami banza. Da farko an ɗora laifi kan sarar itace da yawan dabbobi. Daga baya bincike ya nuna babban dalili yana cikin teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi, tekunan kudu suka ɗumama, iskar damana ta kasa hawa arewa.

Tun shekarun 1990 ruwa ya ƙaru, amma ba irin na da ba. Zafi ya ƙaru, iska mai zafi kuwa tana ɗaukar danshi da yawa. Sai a yi ruwa mai ƙarfi cikin ƴan awoyi, ya bi fako ya zube cikin gulbi, kuma a yi kwanaki hatsi na ƙishirwa. A 2020 kogi ya cinye unguwanni a Yamai. A 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

Don haka aikin da ke gaban manoma da hukumomi shi ne tsare ruwa inda ya faɗi. Manoman Illela, a jihar Tawa, sun farfaɗo da fako da ramukan tassa, na Maraɗi kuma suna barin gawo cikin gona. Gonar da ta riƙe ruwan dare guda ita ke jure farin mako biyu.