Shin Ko Kun San? Cok Ɗin Injin Ban Ruwa

Shin ko kun san aikin cok tare iska ne? Wani ɗan faifai ne a bakin kafireto. In ya rufe iska ta ragu, sai inji ya zuƙo fetur fiye da yadda ya saba. Injin da ya yi zafi kusan kashi 15 na iska yake so a kan kashi 1 na fetur, in an auna da nauyi. Da asubar hunturu kuwa fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa masu noman rani a bakin dam ɗin Tomas ta wajen Ɗambatta, da na Watari a Ɓagwai, kan rufe cok kafin su ja igiya.

Ko kun san da zarar inji ya kama ya ɗan ɗumama, buɗe cok ake yi a hankali har ƙarshe? Mai barinsa rabi-da-rabi yini guda kuɗinsa yake ƙonawa: baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi dauɗa, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan sakaci ya fi ƙarfin aljihun mai tumatir da albasa.

To, injin da ke mutuwa da an buɗe cok fa? Galibi ba laifin cok ba ne. Jet ɗin kafireto ne ya toshe da datti, ko da danƙon tsohon fetur da ya kwana a ciki tun damina, ko kuma iska na shiga ta gasket. A kwance kofin ƙasan kafireto a wanke, a busa jet ɗin. Kada a sa allura a ciki, in ramin ya faɗaɗa inji ya koyi shan mai ke nan.

Ƙurar hunturu ma cok ce da ba wanda ya rufe. Soson tace iska ya cika, inji sai ya riƙa shaƙewa. A kan irin Honda GX160 kunce murfin soson ba ya buƙatar bakanike.

In kuwa an yi ta jan igiya har warin fetur ya tashi, mai ya yi wa inji yawa. A buɗe cok duka, a cire fulogi a goge ya bushe, sannan a sake ja.