Gurbin Karatun Sa Majiyyaci Barci a Amurka: Wa Ke Samu?

A ƙananan asibitocin karkarar Amurka, mutumin da ke zaune wajen kan majiyyaci a ɗakin tiyata, wanda ya sa shi barci kuma yake lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama aiki, galibi nas ne da ya yi karatu na musamman. Ana kiran irinsa CRNA a taƙaice. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta ce suna sa majiyyata barci fiye da sau miliyan 50 a shekara, alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar kuma sun nuna matsakaicin albashinsu ya haura dala 200,000 a shekara. Ba mamaki ke nan da ma'aikatan jinya ke tururuwa a ƙofar makarantun da ke koyar da aikin.

Sana'ar ta daɗe a hannun masu jinya. A 1906 Alice Magaw, wadda ta yi aiki da likitocin Mayo a garin Rochester na jihar Minnesota, ta wallafa rahoton sa barci sama da sau 14,000 ba tare da an rasa rai saboda maganin ba. A 1909 aka buɗe makarantar farko ta wannan fanni a Portland, sannan Agatha Hodgins ta kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1931. A wancan zamani 'yan watanni sun isa mutum ya koyi aikin. Yanzu kuwa, duk wanda ya shiga daga farkon 2022 digiri na uku zai yi, na aƙalla wata 36.

Sharuɗɗan da hukumar tantance makarantun ta gindaya ba su da tsawo. Mai nema ya kasance yana da digirin farko a aikin jinya ko wani fanni da ya dace, da lasisin aiki wanda babu tabo a kansa, da shekara ɗaya cur a sashen kula da masu tsananin ciwo, wato ICU. Yawancin makarantu suna ƙara da cewa matsakaicin makinsa na jami'a kada ya gaza 3.0 cikin 4.0. Mai karanta wannan sai ya ɗauka abin da sauƙi. To, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin cika waɗannan sharuɗɗa kuɗin shiga mota ne kawai, bai ba mutum kujera ba.

Makarantun da aka amince da su sun haura 130, amma aji ɗaya a yawancinsu bai wuce 'yan gomomi ba, masu nema kuwa kan kai ɗaruruwa. A ce makaranta tana da gurbi 30, takardu 300 suka iso: tara cikin kowane goma za su koma gida, kuma akasarinsu sun cika duk abin da aka rubuta. Me ya hana a faɗaɗa ajin? Ɗakin tiyata ne ke iyakance shi. Kowane ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 2,000 a kan majiyyata, ya sa barci fiye da sau 600, kuma dole a cikinsu a samu yara da tsofaffi da masu haihuwa da masu aikin zuciya da na ƙwaƙwalwa, kowanne a ƙarƙashin idon gwani. Makaranta ba za ta ɗauki ɗalibin da ba ta da asibitin da za ta tura shi ba.

Saboda haka kwamitin ɗaukar ɗalibai yakan fara ne da tambayar wane irin ICU mutum ya yi aiki. Suna neman nas da ya saba da majiyyacin da na'ura ke yi masa numfashi, wanda ake ɗura wa magungunan riƙe ƙarfin jini ta jijiya ana ƙarawa ana ragewa minti bayan minti, wanda aka zura wa siririn bututu a jijiyar jini don a riƙa ganin awonsa kai tsaye. Nas da ya fito daga sashen masu aikin zuciya na babban asibitin koyarwa yana gaba da wanda ya yi shekaru a ƙaramin sashen da ake tura duk mai tsananin ciwo wani asibiti. Makarantu da dama ba sa lissafa aikin sashen gaggawa ko ɗakin farfaɗowa bayan tiyata, komai wahalarsa. Shekara ɗayan nan ma a takarda take: waɗanda ke shiga galibi sun yi fiye da haka.

Wannan fifiko yana da hujja. Mai sa barci yakan tsayar da numfashin mutum da gangan, ya karɓi aikin huhunsa har tsawon tiyata. Idan jini ya faɗi ko iska ta daina shiga, daƙiƙu yake da su. Wanda bai taɓa tsayawa a kan irin wannan majiyyaci da tsakar dare ba, littafi ba zai cike masa gurbin ba.

Maki ma ba a duba shi a dunƙule. Kwamiti yakan ware darussan kimiyya, irin su kemistiri da ilimin aikin sassan jiki da na magunguna da ƙididdiga, ya ga yadda mutum ya yi a cikinsu. Masu 3.5 zuwa sama sun fi samun kira. Wanda ya yi wasa a shekarunsa na farko a jami'a yakan koma ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu a matakin digiri na biyu, ya ci da kyau, don ya nuna ya canja. Akwai kuma takardar shaidar ƙwarewa a ICU mai suna CCRN, wadda ba a zama jarrabawarta ta hanyar da aka fi bi sai an yi awa 1,750 a gefen gadon majiyyata cikin shekara biyu. Wasu makarantu sun wajabta ta, a sauran kuma rashinta yana fitowa fili. Jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digirin farko, wadda a da ta zama tilas kusan ko'ina, makarantu da yawa sun yi watsi da ita.

Sai intabiyu. Nan ake tambayar mai nema yadda wani magani ke aiki a jiki, ko me zai yi idan awon majiyyaci ya juya. Wani lokaci ana matsa masa har ya kai inda saninsa ya ƙare, don a ga ko zai ce bai sani ba ko zai shiga kame-kame. Ana kuma so ya taɓa bin wani CRNA cikin ɗakin tiyata ya ga aikin da idonsa. Tambayar kuɗi takan shigo, domin kuɗin makaranta sau da yawa ya wuce dala 100,000, karatun kuma ba ya barin lokacin cikakken aiki har shekara uku.

Ga nas da ya yi karatu a Kano ko Zariya ko Yamai, akwai wani sharaɗi da ya fi sauran nauyi. Shekarar ICU ɗin nan dole a yi ta a cikin Amurka, ko yankunan da ke ƙarƙashinta, ko asibitin sojanta da ke waje. Nijeriya tana da nata masu jinya da ke sa barci, waɗanda suka yi kwas na musamman bayan karatun jinya, kuma su ke riƙe da tiyata a asibitocin gwamnati da yawa inda babu likitan fannin. Duk da haka, wanda ya yi shekara goma yana wannan aiki a gida, a can daga farko zai soma. Sai an tantance takardunsa, ya ci jarrabawar lasisi ta NCLEX, ya samu izinin zama da aiki, ya cike digirin farko idan difloma gare shi, sannan ya nemi aiki a ICU, wanda ba lalle a ba baƙo shi tun a shekararsa ta farko ba. Daga ranar da ya karɓi majiyyacinsa na farko a wannan sashe ne makaranta za ta fara ƙirga masa lokaci.