Matsalar Rarraba Manhajar Rumbun Bayanai ga Ofisoshi Masu Bugu Dabam-dabam

Gabatarwa

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan lafiya na garuruwa irin su Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Baure ta ƙasar Daura, sukan cika takardar taƙaita ayyukan wata: yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kawo. Takardar takan je hedikwatar ƙaramar hukuma a shigar da ita cikin kwamfuta, daga nan alƙaluman su isa Katsina, su wuce Abuja. Da irin waɗannan alƙaluma hukuma take auna yawan maganin da za ta tura kowane yanki. Saboda haka idan aka sami tangarɗa tsakanin kwamfutar wannan ofis da ta wancan, talakan da ke layin karɓar magani shi ke shan wahala.

Ma'anar Rumbun Bayanai da Bugu

Rumbun bayanai, watau manhajar da ake tara bayanai a cikinta bisa tsari, iri biyu ne. Akwai wanda ake ajiyewa a wuri guda, kowa ya shiga ta intanet. Akwai kuma na kan tebur, wanda ake ɗora wa kowace kwamfuta nata. A wannan rukuni na biyu babu wanda ya kai Microsoft Access shahara, wanda ya fara fitowa a shekarar 1992.

Kamar yadda littafi yake da bugu na farko da na biyu, haka manhaja take. Sai dai wanda ya karanta bugu na farko na littafi zai iya karanta na biyu, amma tsohon bugun manhaja sau da yawa ba ya iya buɗe abin da sabo ya rubuta. Alal misali, Access 97 ba ya buɗe fayil mai tsarin Access 2000. A bugun 2007 aka sake tsarin fayil daga mdb zuwa accdb, wanda Access 2003 bai san shi ba. Da aka zo bugun 2013 kuwa, sai sabo ya juya wa tsoho baya, ya daina buɗe fayilolin Access 97.

Inda Gizo ke Saƙar

Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, ba kuwa rana ɗaya aka sayi kwamfutocinsu ba. Duk wanda ya tsara manhaja ɗaya domin dukansu zai haɗu da cikas iri huɗu.

Na farko shi ne na tsarin fayil, wanda aka bayyana a sama. Na biyu, tun daga bugun 2010 Office ya kasu gida biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma manhajar da aka kulle a ɗaya ba ta buɗuwa a ɗayan, ko da shekararsu ɗaya. Na uku, idan manhajar tana jingina da Excel ko Word wajen fitar da rahoto, kuma aka ɗaure ta da sabon bugu, to, da ta sauka a kwamfuta mai tsohon bugu sai ta nemi abokin aikinta ta rasa, ta cije.

Na huɗu ya shafi harshe, kuma shi ya fi ɓoyuwa. Kafin bugun 2000, Access ba ya ajiye rubutu bisa tsarin Unicode, wanda ya tanadi gurbi ga haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. A wancan zamani akan yi dabara da wani salon haruffa na musamman, wanda idan babu shi a kwamfutar da aka kai wa fayil, sai Ƙanƙara da Ɗanja su fito da baƙin alamomi. Idan kuwa wani akawu ya rubuta Kankara, wani ya rubuta Ƙanƙara, kwamfuta za ta ɗauke su garuruwa biyu, ta raba musu lissafi. Haka nan kwanan wata: a cikin umurnin bincike Access yana bin al'adar Amurka ta sa wata kafin rana, har 3/4 da akawu ya nufa da uku ga Afrilu ya koma huɗu ga Maris ba tare da wani gargaɗi ba.

Hanyoyin Magancewa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin farko shi ne ƙidaya: a san bugun da ke kowane ofis kafin a fara aiki. Sa'an nan a tsara manhajar da bugu mafi tsufa da ake amfani da shi, domin ayari da tafiyar mai rauni yake auna zango.

Mataki na biyu, a raba manhajar kashi biyu: rumbun da bayanai suke ciki dabam, fuskar da akawu yake gani dabam. Ta haka za a iya yi wa kowane ofis fuska daidai da bugunsa, a kuma sauya ta idan an yi gyara, ba tare da an taɓa bayanan da aka tara shekara da shekaru ba.

Mataki na uku, akwai wani taƙaitaccen Access mai suna Runtime, wanda yake gudanar da manhaja amma ba ya bari a sake mata fasali, kuma tun daga bugun 2007 kyauta ake ba da shi. Amma a kula, ɗora shi kusa da wani bugun Office yakan jawo rikici, don haka sai an gwada tukuna. Bugu da ƙari, a rubuta lambar bugu a fuskar manhaja, a kuma ajiye rajistar abin da aka kai kowane ofis da ranar da aka kai.

Misali daga Fannin Lafiya

Manhajar bayanan lafiya ta DHIS ta samo asali ne a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1990, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, kuma a kan Access aka gina ta. An yi aiki da bugunta na 1.4 a jihohin Nijeriya da dama. Kowane ofis da nasa kwafi, ana fitar da bayanai a fayil a kai gaba, kuma duk gyaran da aka yi sai an bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahala tana cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro DHIS2 mai aiki ta intanet, wanda aka fara gwadawa a Jihar Kerala ta Indiya a 2006, Nijeriya kuma ta amince da shi a matsayin na ƙasa baki ɗaya a 2013.

Kammalawa

Komawa intanet ya rage matsalar bugu, amma ya ɗora nauyi a kan wutar lantarki da ƙarfin sadarwa, abubuwan da ƙauyukan bakin iyaka ba su wadatu da su ba. Har ila yau, akwai rajistar albashi da ta ɗalibai da ta kayan sito masu yawa da ke zaune a manhajojin kan tebur. Wajibi ne ga ma'aikacin da zai sa hannu a takardar karɓar irin wannan manhaja ya tambayi bugun da aka tsara ta da shi, ya ga an gwada ta a kwamfuta mafi tsufa ta ofishinsa, ya kuma tabbatar ana iya fitar da bayananta cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa. Kwamfuta takan tsufa a sake ta, amma bayanan jama'a amana ce da za a miƙa wa na baya.