Kalmar “good” a bakin mai saye da kuma a kan takardar rasit

Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da kayan lantarki a kasuwar Maraɗi ya same ni a gidan rediyo riƙe da takardar rasit, ransa a ɓace. Ya sayo katan 12 na fitilun caji a Kano, ya biya kuɗin mota da na duwan, da ya iso gida ya buɗe sai ya tarar kusan katan 3 ba sa kamawa. Ya ce mini: “Malam, duba nan ƙasa. Ni ban yi boko ba, amma na san good, ga ta har sau biyu. Ai sun rubuta da hannunsu cewa kayan masu kyau ne, gobe zan mayar musu.” Na karɓa na duba. Abin da aka buga shi ne: Goods sold in good condition are not returnable. Na ce: “Alhaji, ka yi haƙuri, wannan rubutu ba naka ba ne, nasu ne. Cewa suka yi kayan da aka sayar lafiya lau ba a mayar da su.”

Tun daga ranar na ga ya kamata mu zauna da wannan kalma, domin duk wanda ke shiga Jibiya, Illela ko Maigatari yana jin ta safe da yamma, kuma da yawa daga cikinmu mun ɗauka mun gama saninta.

Good tana cikin tsofaffin kalmomin Ingilishi. Ba daga Faransanci ko Latin aka aro ta ba. Ƙabilun da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Danmak suka zauna Ingila a wajajen ƙarni na 5 su ne suka zo da ita, shi ya sa har yau ƴan'uwanta suna nan: Bajamushe na cewa gut, mutumin Holan na cewa goed. Masana asalin kalmomi da dama suna mayar da ita ga wani tsohon tushe mai ma'anar haɗuwa ko dacewa, wanda daga gare shi ne aka samu gather, wato tarawa, da together, wato tare. Ke nan tun farko abin da ake kira good shi ne abin da ya dace, ya zauna daidai a wurinsa, kamar murfi a bakin tukunya. Ba lalle ne ya fi kowane ba. A riƙe wannan, don shi ne ya kama Alhaji.

Akwai masu cewa good daga God ta fito, sunan da Turawa ke kiran Ubangiji da shi. Na sha jin haka, har a bakin malaman makaranta. Kama ce kawai ta rubutu, tushensu daban ne. Sai dai akwai inda suka cakuɗe. Sallamar da ake yi ta goodbye asalinta addu'a ce, God be with you, wato Allah ya kasance tare da kai, daidai da namu “Allah ya kiyaye hanya”. A ƙarshen ƙarni na 16 baki ya taƙaita ta, sannan da yake an saba da good day da good night, sai God ta rikiɗe ta koma good. Haka kuma Good Friday ta Kirista, ranar da bankuna ke rufe a Nijeriya, good ɗin da ke ciki tsohuwar ma'ana ce ta tsarki. Sunan tsohon shugaban Nijeriya Goodluck Jonathan, wanda ya yi mulki daga 2010 zuwa 2015, shi ma daga nan yake, wato sa'a mai kyau.

Inda Bature ya yi amfani da kalma guda, Bahaushe ya raba aikin. Riga tana da kyau, abinci yana da daɗi, batir yana da inganci ko ƙarko, mutum kuwa yana da kirki ko nagarta. Ba ka cewa buhun shinkafa mai kirki ne, sai dai a kore ka ce “ba shinkafar kirki ba ce”. Wani Baturen Ingila da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, Anthony Kirk-Greene, da ya so ya bayyana wa ƴan'uwansa wane ne mutumin kirki, sai da ya yi lacca sukutum a 1973, ya jero gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da sauransu. Good ita kaɗai ba ta ɗauke masa kayan ba. Saboda haka idan dillali ya ce maka wane good man ne, tambaye shi: kirki gare shi, ko dai ya iya ciniki? Duka biyun kalmar tana ɗauka.

To, sai babbar magana, wato harafin s da ake liƙa mata a ƙarshe. Goods ba ta nufin masu kyau. Kaya ne kawai, haja, ko mai kyau ko ruɓaɓɓe. Shi ya sa ake rubuta Goods Only a jikin manyan motocin Nijeriya, ma'ana kaya zalla ban da fasinja, ko da yake duk mun san mutum nawa ke zaune bisa buhunan. Wanda ya yi lakkwal zai gane abin da sauri, domin Faransanci ma haka ya yi: bien alheri ne, les biens kuwa dukiya. Mu ma idan aka ce wane ya yi mini alheri, an san hannu ya shiga aljihu. A rasit ɗin Alhaji, good ta farko kaya ce, ta biyu kuwa shaida ce a kansa cewa lafiya ya karɓe su.

Ko a wurin auna daraja, good ba ita ce ƙololuwa ba. A sakamakon jarrabawar WAEC, A1 ita ce excellent, B2 very good, sai B3 ake kira good, ta uku ke nan. Masu sayar da wayoyi da kwamfutoci na hannu ta intanet su ma haka suke jerawa: kamar sabo, sai very good, sannan good. Idan ka ga good condition a kan wayar gwanjo, ka sa ran ganin ƙarzuwa a jikinta, alkawarin da aka yi maka shi ne tana aiki.

Masu sauke kwantena a Kwatano ko Lome su duba takardar jirgin ruwa, wadda ake kira konesma a bakin ƴan taransit. Galibi za su ga an rubuta cewa an ɗora kayan in apparent good order and condition. Kalmar apparent ita ce tarkon: a zahiri, bisa abin da ido ya gani daga waje. Kamfanin jirgi bai ce ya buɗe ya gwada ba. Cewa ya yi bai ga fashewa ko jiƙa a jikin abin da aka miƙa masa ba. Wasu maganganun kuma sukan juya gaba ɗaya. Closed for good a ƙofar shago ba rufewa don alheri ba ce, an rufe ke nan har abada. Na san wanda ya yi sati yana zarya yana jiran a buɗe.

Alhaji ya tambaye ni ko babu doka. Akwai dokar kare masu saye da Nijeriya ta sa wa hannu a 2019, wadda ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi, kuma hukumar FCCPC ta sha faɗa cewa rubuta “ba a mayarwa” ba ya soke wannan haƙƙi. Amma dokar mai saye don amfanin kansa ta fi dubawa, ba mai sari don ya sayar ba. A ganina ɗan kasuwar da ya ƙetare iyaka da kaya, abin da ya fi riƙe shi shi ne shaidu da shugabannin kasuwa.

Ta nan Alhaji ya bi. Ya koma Kano da yaron da ya yi masa lodi, aka zauna gaban shugaban layin, aka raba asarar biyu, aka canza masa rabin fitilun. Yanzu kafin a ɗaure kaya sai ya sa an buɗe kowane katan an kunna biyu ko uku a gabansa, kuma ya sa a rubuta a bayan rasit, da Hausa, kwana nawa aka ba shi ya dawo da wanda bai kama ba.