Yaron Da Ya Yi Shekara 12 Cikin Tantin Roba

Mu can gida, macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna goye, sai a ce wabi take yi. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ƙyanda, ko amosanin jini. Amma akwai wata cuta ta gado, ba safai ake ganinta ba, wadda likitoci ke kira SCID.

A cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, watau dakarun da ke yaƙi da cuta. Jaririn da ya gaji SCID ana haihuwarsa ne babu muhimmai daga cikinsu, ya zama gari ba ganuwa. Tari ko gudawa sai su ƙi jin magani, in kuwa ba a yi masa aiki ba, da wuya ya cika shekara biyu.

Wanda duniya ta fi sani da cutar nan shi ne David Vetter, wanda aka haifa a 1971 a birnin Houston na Amurka. Ita ce ta kashe wansa yana ɗan wata bakwai, saboda haka ana haihuwarsa aka sa shi cikin wani tantin roba. Abinci, tufafi, kayan wasa, duk sai an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu kafin a miƙa masa. Uwar da ta haife shi ma sai da safar hannu take taɓa shi. A 1983 aka dasa masa ɓargon yayarsa. Ashe akwai wata ƙwayar cuta ɓoye a ciki, ta jawo masa ciwon daji. Ya rasu a watan Fabrairun 1984.

Yanzu aikin ya ci gaba ƙwarai. In an yi dashen ɓargo kafin jariri ya wuce wata uku da rabi, fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa.

Irin ta David ta wajen uwa take biyowa, 'ya'ya maza take kamawa. Wasu nau'o'in kuwa sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, shi ya sa suka fi fitowa a auren zumunci. To jama'a, wanda ya taɓa rasa jarirai ta wannan hanya, ko a Agege yake ko a Sabon Ibadan, ya gaya wa likita tun matarsa tana zuwa awo. Allurar BCG ta tarin fuka, wadda ke kare sauran jarirai, tana da haɗari ga mai SCID, kuma tun kwanakin farko ake yinta.