Alƙali kuma ɗan takara: Dokar da ta tsaya a Dutse ba ta iso Haɗeja ba

A watan Afrilun 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya fitar da umarni: duk wanda ke riƙon ƙwaryar shugabancin jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi ta tarayya, ba zai nemi a tabbatar masa da kujerar ba sai ya sauka tukuna.

Rikicin Jami'ar Abuja na cikin abin da ya share wa umarnin hanya. Farfesa Aisha Maikuɗi na riƙon ƙwarya lokacin da majalisar gudanarwa ta naɗa ta cikakkiyar shugaba a ƙarshen Disamban 2024, wasu farfesoshi kuma suka yi ta ƙorafi kan yadda aka yi zaɓen. A watan Fabrairun 2025 Shugaba Tinubu ya sauke ta, ya rushe majalisar. Wadda aka kawo riƙo bayanta, Farfesa Patricia Lar, da sharaɗi ta zo: wata shida, kuma ba za ta nemi kujerar ba.

Umarnin ya shafi Jami'ar Tarayya ta Dutse. Amma manyan makarantun ƙasar Haɗeja, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, na jihar Jigawa ne. Dokokin da jiha ta kafa su da su ne ke tafiyar da su, ba takardar minista ba. Wannan ba zargi ba ne a kan kowa. Magana ce ta ƙofar da ba a sa wa sakata ba.

Me ya sa zama a majalisa ke ba mutum fifiko?

Majalisar gudanarwa ce ke amincewa da sanarwar neman ma'aikaci, tana tsara sharuɗɗa, tana kafa kwamitin tantancewa. Ɗan majalisar da ke da ido kan muƙamin magatakarda, ma'aji ko shugaban makaranta yana wurin ake yanke ko shekara nawa na gogewa za a nema. Idan aka rage shekarun daga goma zuwa biyar, shi ya san wa hakan ya buɗe wa hanya. Ya ga takardun cikin gida da sauran masu nema ba su gani ba.

Abin da aka saba ji shi ne, ai ya fita daga ɗakin ranar da aka tattauna sunansa. To, fitar yini ɗaya ba ta goge zaman shekara biyu. Waɗanda suka rage a ɗakin abokan zamansa ne. A gari irin Haɗeja kuwa, inda gobe za a haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, ba kowa ke iya ba abokin zama maki ƙasa da na baƙo ba. Kunya ma ƙuri'a ce.

Wanda ke kwana ciki shi ne malamin da ya cika sharuɗɗa, ya biya kuɗin mota, ya zauna gaban kwamiti, alhali an gama magana tun kafin a buga sanarwa.

Dokar da ta hau kan kowa

Akwai dokar da ba ta bambanta jiha da tarayya ba. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati jefa kansa inda muradinsa zai ci karo da aikinsa, kuma ya ambaci shugabanni da mambobin majalisun gudanarwa na hukumomin gwamnati. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na iya sauke mai laifi, ta hana shi riƙe muƙami har shekara goma. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi amfani da ofis ya samar wa kansa ko ɗan uwansa fifikon da bai dace ba.

Sai dai waɗannan na aiki ne bayan ɓarna ta auku, kuma sai wani ya kai ƙorafi ya kawo hujja. Ba su faɗi wata nawa ɗan majalisa zai yi da ajiye kujera kafin ya miƙa takardar neman aiki ba. Majalisar Dokokin Jigawa na da ikon rubuta wannan wa'adin cikin dokokin makarantun jihar.